Ɗan Hakin Da Ka Raina: Zaɓen Ƙarfen Da Ke Riƙe Ƙofar Kabad Da Wadrob

Daga Wakilinmu

A shekarar da aka aurar da ƙanwata, ni aka ɗora wa alhakin kayan katako, domin ni ne babban wa, ga shi kuma ina zaune a Legas, inda mutanen gida suke ganin katako ya fi araha. Cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, na sami wani kafinta mai kyakkyawan hannu muka yi cinikin gado da kabad da wadrob. Mun daɗe muna ja-in-ja a kan irin katakon da za a sa, da launin fenti, da girman madubi, har da siffar hannun ƙofa. Amma ko sau ɗaya ba mu ambaci ɗan ƙarfen nan da ke kama ƙofa daga ciki ya riƙe ta a rufe ba. Ni ban tambaya ba, shi kuma bai faɗa ba.

Aka ɗora kaya a babbar mota zuwa Gusau, aka yi jere, kowa ya zo ya yaba. Da hunturu ya kankama cikin Janairu, sai ga saƙon ƙanwata: "Yaya, kabad ɗin nan naka fa ya ƙi rufuwa." Ta yi ta cusa takarda a bakin ƙofa, har ranar da takardar ta zame cikin dare, kyanwa ta bi ɓera ta shiga, aka wayi gari rabin tangaran ɗin da mahaifiyarmu ta yi shekaru tana tarawa yana ƙasa a farfashe. Kafintan unguwa da aka kira bai yi rabin awa ba ya canza ƙarafan, kuɗin da ya karɓa kuwa bai kai na faranti biyu daga cikin waɗanda suka fashe ba.

Wannan asara ce ta sa na shiga bin diddigin al'amarin, na kuma ga ya kamata in gutsura wa masu karatu abin da na samo. Saboda sauƙin bayani, a nan za mu riƙa kiran wannan ɗan ƙarfe da sunan kama-ƙofa.

Katako Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Abu na farko da ya wajaba mai saye ya sani shi ne, ko bayan an sare itace an yanka shi falanki-falanki, bai daina shan laima yana fitar da ita ba. Idan iska ta yi danshi sai ya kumbura, idan ta bushe sai ya tsuke. Wannan motsi kuwa a faɗin katako yake aukuwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A wuri mai laima irin Legas ko Fatakwal, ruwan da ke cikin busasshen katako yakan kai wajen kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. A Kano ko Sakkwato da hunturu, yakan sauka zuwa kashi 5 ko 6. Bisa ga haka, ƙofar da aka yi da falanki mai faɗin santimita 40 tana iya ragewa da kusan rabin santimita, wani lokaci ma fiye, gwargwadon irin itacen.

To, yawancin katakon da ake kayan ɗaki da shi, irin su iroko da afara da obeche da sapele, daga dazuzzukan kudu yake fitowa. Shi sapele ma sunansa ya samo asali ne daga garin Sapele da ke Jihar Delta, wanda ya yi suna a cinikin katako tun zamanin Turawa. Wato ke nan ko a Kaduna ko Zariya aka yi wadrob, in dai kafinta bai bar falankin ya sha iskar arewa ba kafin ya yanka, abin da ya sami kabad ɗin ƙanwata yana iya samunsa. Rabin santimita ba wani abu ba ne a ido, amma a wurin kama-ƙofa, shi ne bambancin rufuwa da rashin rufuwa.

Ba tsukewa kaɗai ba ce matsalar. Idan fuska ɗaya ta ƙofa ta sha fenti ɗayar kuwa aka bar ta tsirara, fuskar da ba fenti ta fi saurin bushewa, sai ƙofar ta lanƙwashe ko ta murɗe, ƙasanta ya taɓa jikin kabad samanta ya yi baya. Allunan zamani, kamar filawud da MDF wanda ake yi da garin katako da gam, ba su cika wannan motsi ba. Sai dai shi MDF yana da tasa illar: idan ruwa ya jiƙa shi yakan kumbura bai komawa, kuma bai riƙe sukuru da ƙarfi kamar katako na ainihi, musamman a gefensa.

Ire-Iren Kama-Ƙofa

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne ɗan guntun katakon nan da ake kafewa da ƙusa guda a jikin kabad, a juya shi ya tare ƙofa. Mutane suna raina shi domin ba shi da ado, alhali kuwa babu ruwansa da damina ko rani, kuma idan ya lalace ko yaro yana iya sassaƙa wani. Ga kabad ɗin madafa ko na shago, har gobe yana da amfani.

Sai sakata. Wurinta shi ne wadrob mai ƙofa biyu da ke haɗuwa a tsakiya. Akan sa ƙaramar sakata a cikin ƙofar hagu, sama ko ƙasa ko duka biyun, domin ta tsaya cik, sa'an nan ta dama ta rufu a kanta. Idan aka sa kuba ba tare da wannan sakata ba, an yi aikin banza, domin wanda ya ja ƙofofin biyu tare da ƙarfi zai buɗe su da harshen kubar a waje. Abin lura shi ne ramin da sakatar ke shiga ya ɗan fi ta faɗi, saboda ranar da katako zai motsa.

Na uku shi ne mai ƙwallo. Wata 'yar ƙwallon ƙarfe ce da sifirin ke turawa daga baya, tana faɗawa cikin ɗan rami ta riƙe ƙofa. Yana da kyan gani domin ɓoye yake a gefen ƙofa, amma shi ne mafi rashin haƙuri da motsin katako. Idan ƙofa ta tsuke, ƙwallon ba ta isa ramin. Idan ta kumbura, sai an yi kokawa kafin ta buɗe. Irinsa ne aka sa wa kabad ɗin ƙanwata, an daidaita shi da laimar Agusta a Legas, hunturun Gusau ya raba ƙwallo da raminta. Akwai wani samfurinsa mai ƙwallo biyu, da harshe ke shiga tsakaninsu, kuma yana da sukuru a kowane gefe da ake ƙara masa ƙarfi ko a rage. Wannan ya fi, musamman idan na tagulla ne.

Na huɗu mai taya ne, wato 'yan tayoyi biyu na roba da sifirin ke matsewa, su cafke wani ƙarfe mai kama da kan mashi da ke jikin ƙofa. Yana da araha, yana riƙo da kyau, har yana iya janyo ƙofar da ta ɗan lanƙwashe. Aibinsa shi ne ƙara a duk lokacin buɗewa da rufewa, sifirinsa yakan saki da daɗewa, tayoyin kuma sukan tsage idan robar ba ta kirki ba ce, balle a kusa da zafin murhu. Haka kuma idan hinji ya saki ƙofa ta sauko, kan mashin ba ya samun tsakiyar tayoyin.

Na biyar, wanda ya fi yawa a kasuwa, shi ne mai maganaɗisu. Ana ɗaura maganaɗisun a cikin kabad, a ɗaura ɗan farantin ƙarfe a bayan ƙofa. Babu sifirin da zai saki, babu abin da ke gogar wani. Babbar fa'idarsa a ƙasa irin tamu ita ce, ko ƙofa ta tsuke ta matsa gefe kaɗan, farantin yana nan a gaban maganaɗisun. Daɗin daɗawa, ramukan sukurunsa dogaye ne, ana iya sassautawa a tura shi gaba ko baya gwargwadon yanayi. To, amma fa ƙarfin maganaɗisu yana faɗuwa ƙwarai da zarar an sami 'yar tazara, ko da ta kaurin kwali ce. Saboda haka idan ƙofa ta murɗe, ko aka ɗaura farantin a karkace, ko aka shafe shi da fenti mai kauri, riƙonsa ya zama na jeka-na-yi-ka.

Masana'antun kirki sukan rubuta ƙarfin riƙon a jikin kwali, kamar kilo 2 ko 4 ko 6. Ƙaramar ƙofar kabad mai gilashi ba ta bukatar fiye da mai sauƙi, domin idan ya yi ƙarfi da yawa, duk buɗewa sai kayan ciki sun girgiza. A farkon shekarun 1980 masana a Japan da Amurka suka ƙirƙiro wani sabon maganaɗisu da ake kira niyodimiyam, wanda ɗan ƙanƙaninsa ya fi babban baƙin maganaɗisun da aka saba da shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kafintoci sukan binne shi cikin katako yadda ido ba zai gan shi ba. Yana da kyau, sai dai za mu dawo kan haɗarinsa nan gaba.

Na shida shi ne wanda ake dannawa ya buɗe, a sake dannawa ya rufe, don ƙofofin da ba a sa musu hannu. Abin sha'awa ne a ɗakin baƙi, amma yana bukatar tazara daidai wa daida tsakanin ƙofa da kabad, cikinsa kuma 'yan ƙananan sassa ne na roba da ƙurar hunturu ke iya toshewa. A gidan da yara suke jingina da kaya, ƙofar za ta yi ta buɗe kanta.

Daga ƙarshe akwai hinjin ɓoye mai sifirin, wanda kamfanonin Turai irin su Blum na Ostiriya suka yaɗa tun cikin shekarun 1960. Ana huda masa rami mai faɗin milimita 35 a bayan ƙofa, kuma shi da kansa yake janyo ta ya rufe, har ba a bukatar kama-ƙofa dabam. Yana da sukurori da ake daidaita ƙofa da su sama ko ƙasa, gefe, ciki ko waje. Ya dace da filawud da MDF masu kaurin milimita 16 zuwa 18. Amma na jabu ya yi yawa, kuma idan sifirinsa ya mutu, sai a koma neman maganaɗisu.

Tambayoyi Huɗu Kafin A Zaɓa

Da farko, a dubi girman ƙofa da nauyinta. Ƙofar wadrob da ta kusa mita 2, balle mai madubi, hinji biyu ba su isar ta, sai uku ko huɗu, domin kama-ƙofa ba aikinsa ba ne ɗaukar nauyi. Irin wannan ƙofa tana bukatar kama-ƙofa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su riƙa miƙar da ita kada ta lanƙwashe. Idan ƙarama ce guda ɗaya ya isa, amma a ɗaura shi kusa da hannun da ake ja. In hannu yana tsakiya kama-ƙofa yana can ƙurya sama shi kaɗai, duk ja sai ƙofa ta ɗan murɗe, yau da gobe kuwa sai gaɓoɓinta su saki.

Na biyu, ina za a kai kayan? Wanda za a yi a kudu a kai arewa, ko a yi da damina a yi amfani da shi da rani, a nisanci mai ƙwallo guda, a nemi wanda ake iya daidaitawa. A roƙi kafinta ya bar 'yar tazara a gefen ƙofofi, kuma ya shafa fenti ko banish ciki da waje, har da kan ƙofa da gindinta. Ga 'yan'uwanmu mazauna Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, babban abokin gaba shi ne tsatsa. A nan tagulla ta fi baƙin ƙarfe. Da yake ana rina baƙin ƙarfe ya yi kama da tagulla, ga dabara mai sauƙi: a ɗauki maganaɗisu a shagon a kai kusa da shi. Tagulla ta gaskiya ba ta mannewa, wanda aka rina kuwa nan take zai manne.

Na uku, me za a ajiye a ciki? Kabad ɗin abinci yana bukatar ƙofa mai mannewa sosai saboda ɓera da kyankyaso. Wadrob da ake cunkusa wa zannuwa da barguna har suna turo ƙofa, maganaɗisu mai sauƙi ba zai iya ba, sai mai taya ko mai ƙwallo biyu. Wurin kuɗi da gwal da takardun gida kuwa, kama-ƙofa kowane iri ba makulli ba ne, sai kuba. Amma kada a mai da kuba ita kaɗai ce mai riƙe ƙofa, kamar yadda ake gani a gidaje da yawa inda makulli ke kwana a jiki dare da rana. Ranar da ya ɓata, ko a fasa ƙofa ko a bar ta a wangale.

Tambaya ta huɗu ita ce mafi nauyi, don haka muka ware mata wurinta.

Akwai Yara A Gidan?

Yaro yana son shiga wadrob ya ɓuya. A Amurka an yi zamanin da ake yin firji da wani irin makulli mai kama kansa wanda ba ya buɗuwa sai daga waje, yara da dama suka shiga wasan ɓuya suka rasa ransu saboda rashin iska. A shekarar 1956 majalisar ƙasar ta kafa doka cewa dole ƙofar firji ta zama mai buɗuwa daga ciki, masana'antu kuma suka koma ga maganaɗisu, wanda shi ne muke gani a bakin ƙofar firji har yau. Darasin ya shafi wadrob da manyan akwatuna. Duk ƙofar da yaro zai iya shiga bayanta, kada a sa mata abin da ke kulle kansa da an tura. Maganaɗisu da mai taya suna sakin ƙofa idan an tura daga ciki, kuba kuma a cire makullinta a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Haɗari na biyu shi ne rikitowa. Idan kama-ƙofa ya yi ƙarfi fiye da kima, wadrob kuma na allo ne marar nauyi, ga madubi mai nauyi a ƙofa, yaron da ya rataya a hannun ƙofa yana ja zai iya janyo kayan duka a kansa. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya nemi a mayar masa da akwatunan durowa miliyan 29 a Amurka, bayan da wasu suka rikito suka kashe ƙananan yara. Maganin ba shi da tsada: a ɗaure saman wadrob da bango da ɗan ƙarfe mai kusurwa, a sa kaya masu nauyi a ƙasa.

Na uku shi ne ƙananan maganaɗisun nan masu ƙarfi da muka ambata. Idan gam ya saki suka faɗo, yaro yana iya haɗiye su. Guda biyu a ciki sukan janyo juna ta tsakanin hanji har su huda shi, abin da ke kai wa ga tiyata. Wanda ya ga alamar yaro ya haɗiyi maganaɗisu ya garzaya asibiti, kada ya tsaya jiran ya fita da kansa. Kafinta kuma ya rufe su da katako ko ya yi amfani da masu sukuru. Kabad ɗin da ake ajiye magani ko kananzir ko maganin ƙwari kuwa, maganaɗisu ba ya hana yaro buɗewa, wannan sai kuba.

Tun Ran Gini, Ran Zane

Ba kullum laifin kama-ƙofa ba ne. Sau da yawa daɓen ɗaki ne ba daidai ba, wadrob ya karkata gaba, ƙofa tana bin nauyinta. Kafin a kira kafinta, a gwada sa ɗan falanki a ƙarƙashin ƙafafun gaba. A duba sukurorin hinji, a goge ƙurar da ta taru a fuskar maganaɗisu. Idan ramin sukuru ya buɗe, a cusa tsinken ashana da gam, a bari ya bushe, a mayar da sukurun. Kada a yarda a kafe kama-ƙofa da ƙusa ko a buga sukuru da guduma, domin wanda aka yi wa haka ba ya daidaituwa kuma.

Ya kamata a yi wa kafintoci adalci. Yawancinmu mukan matse su a ciniki har sai riba ta kusa ƙarewa, shi kuwa kafinta ba zai rage girman madubi ba domin ido yana gani, sai ya rage a inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka mai saye ya tayar da maganar tun ranar ciniki: wane irin hinji, guda nawa a kowace ƙofa, wane irin kama-ƙofa. In da hali ya sayo su da kansa ya kai, ya ƙara da biyu ko uku na ajiya. Ranar karɓar kaya kuma ya buɗe kowace ƙofa ya rufe sau da yawa. Ta kirki tana buɗuwa da yatsu biyu, kuma ba ta buɗe kanta idan aka ɗan girgiza wadrob ɗin.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da malaman makarantun koyon sana'a da su ba wannan fanni muhimmanci wajen horar da yara, kamar yadda suke ba yanka da fenti. Iyaye kuma masu shirin kayan ɗakin 'ya'yansu, su tuna cewa kabad ba na ranar jere kaɗai ba ne, zai ga damina da hunturu masu yawa, zai kuma ga jikoki. Ni dai da aka zo auren autarmu, da maganaɗisu a aljihu na tafi kasuwa. Allah Ya sa mu dace, amin.